Amsar Kawu Kan Motar Nan Mai Jan Ciki

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce ka ga motar Corvette guda biyu a gwanjon Amurka, duk irin ƙirar da aka fara fitarwa a 2020, ɗaya tana da na'urar nan mai ɗaga gaban mota, ɗaya ba ta da ita, kuma mai na'urar ta fi tsada. Kana son sanin ko ƙarin kuɗin ya cancanta ko almubazzaranci ne. Sannan ka ce in ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema kana so ka kawo ta Kumasi a sa mata albarka, amma ba ka san abin da al'ada ta ce ba: ka shigo da ita har ƙofar gida a Aboabo, ko ka bar ta a bakin titi. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka biya. Tambayarka ta biyu ta fi nauyi a wurina, amma bari in fara da ƙarfe, tunda a cikinsa na tsufa a Suame Magazin, unguwar bakanikai ta Kumasi.

Na'urar ba wani abin al'ajabi ba ce. Ɗan famfo ne na lantarki da ke tura mai ta tiyo zuwa shok biyu na gaba, sai hancin motar ya tashi wajen santimita 4, faɗin yatsu biyu ke nan, cikin abin da bai kai daƙiƙa 3 ba. Tana aiki muddin gudunka bai kai kilomita 40 a awa ba. Da ka wuce haka za ta sauke kanta. Tana kuma iya riƙe wurare har 1,000 ta GPS, in ka nuna mata wuri sau ɗaya, gobe da kanta za ta ɗaga kafin ka iso. Porsche da Lamborghini da Ferrari da McLaren duk suna sayar da irinta, domin duk ciwonsu ɗaya.

Za ka ce yatsu biyu me za su yi? Tsakanin cikin motar nan da ƙasa bai kai santimita 14 ba, amma ba nan ne babbar matsalar take ba. Matsalar ita ce tsawon hancin da ya miƙe gaban taya. Shi ke fara isa kan tudu tun taya ba ta soma hawa ba, don haka shi ke shan dukan. Kamar mai babbar riga ne da zai tsallake kwata, in bai tattare ba, ko ƙafarsa ta haye lafiya bakin rigar sai ya sha ruwa. Kuma kada ka ce ai injin a baya yake, gaba fanko ne. Lagiretocinta suna gaba, dama da hagu, daf da bayan bamba. Na taɓa shiga ƙarƙashin wata mai kama da ita da aka kawo wani gareji a nan. Daga sama tana ƙyalli, ba ko ƙwarzane. Daga ƙasa kuwa leɓen bamban ya goge har ya yi fari, kawunan kusoshin sun cinye yadda sifana ba za ta kama su ba, faifan robar da ke rufe ciki yana reto, ruwan lagireto na ɗiga a kan kwali ɗis-ɗis. Wannan kayan ba za ka same su a kan tebur a Magazin ko a Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ba. Sai an yi oda daga waje, a biya jirgi, a biya kwastan, motar kuma tana kwance ƙarƙashin tampol kana jira.

To ga hanyoyinmu. Daga Accra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, kuma garuruwan da za ka ratsa, su Anyinam, su Konongo, su Ejisu, kowanne da tudun rage gudunsa. Cikin unguwanni ma ya fi, domin akwai waɗanda mutanen layi ne suka gina da hannunsu, da siminti ko jar ƙasa, bayan mota ta buge musu yaro. Ba su auna tsayi ba, kuma ni ban ga laifinsu ba, wanda ya ɗauki gawar ɗansa a titi ba zai tsaya tunanin bamban kowa ba. Ga kuma murfin kwata a ƙofar gidaje da gidajen mai, inda titi ke ƙasa, daɓe ke sama. Saboda haka hukuncina a kan wannan gajere ne: ka ɗauki mai na'urar. Lokacin da motar ta fito, dala 1,495 aka sa wa na'urar, a kan motar da kuɗinta ya fara daga kusan dala 60,000, kuma a samfurin 2LT da 3LT, waɗanda suka fi haka tsada, kaɗai ake samunta. Gyara ɗaya na gaba zai iya lashe wannan kuɗin har ya nemi ƙari. Araha ba ta ado. Ranar da za ka sayar ma, duk wanda ya san mota a ƙasar nan abin da zai fara nema ke nan.

Batun almubazzaranci kuwa, kashe kuɗi don kare abin da ka mallaka ba ɓarna ba ne, tattali ne. In akwai wurin da za ka tsaya ka binciki zuciyarka, to a kan motar ce kanta. Zakka ta fita? Kuɗin makarantar ƙannenka ya shiga? Mahaifiyarka ba ta rasa komai ba? Na san amsar, shi ya sa ban hana ka ba. Malamai sun karantar da mu cewa Allah yana son ganin alamar ni'imarsa a kan bawansa. Abin da aka hana shi ne ni'imar ta zama abin taka mutane.

Sai dai ka san iyakar abin da ka saya. Gaba kawai take ɗagawa, ciki da baya suna nan inda suke. Tudu mai ƙoƙuwa zai iya barin hanci ya wuce ya kama ka a tsakiya, don haka ko ka ɗaga, ka riƙa hawa a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali. GPS ɗin ma tudun jiya ya sani, bai san wanda aka gina daren nan ba. Lungun da ruwan damina ya zaizaye kuwa, babu maɓallin da zai fisshe ka. Kuma tunda ta gwanjo ce, yawancinsu hatsari suka yi, in kuma a gaba aka bugu, kayan na'urar na cikin abin da ke fara lalacewa. Ka sa a ɗauko maka bidiyo tana tashi tana sauka, a duba ko shok na jiƙe da mai, a duba ko akwai fitilar gargaɗi a gaban direba. Kada ka yarda da mai cewa ka sayi marar ita a ɗaura maka daga baya. Aikin ya haɗa da shok da tiyo da waya da kwamfutar mota, ba na rana ɗaya ba ne, kuma ba na kowane bakanike ba.

Yanzu ga maganar gida. Kawo sabon abin hawa wurin iyaye al'adarmu ce, kuma kyakkyawa ce. Ana kawowa a yi addu'a, a ce Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya, a fitar da sadaka. Wannan kada ka bari. Amma akwai wata al'adar da ta girme ta. Kakanninmu da suka biyo fataucin goro daga ƙasar Hausa, ta Salaga, har suka kafa zango a garin nan, mai doki a cikinsu ba ya isa gaban manya a kan sirdi. Tun daga nesa yake sauka, ya ja linzami. Da keke ya zo, haka muka tashi muka gani: in ka hango dattawa a ƙofar masallaci sai ka diro ka tura, wani ma har ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ba don hanyar ba ta biyuwa ba ne. Don kada ka zo kana sama suna ƙasa ne.

Shi ya sa nake ce maka, ko da na'urar za ta iya haye kwatar ƙofar gidanmu, kada ka gwada. Ka san yadda layin yake bayan la'asar: tsofaffi a kan benci da tabarma, mai waake ta kafa tukunyarta, yara na wasa a tsakiya. Ka shigo musu da injin lita 6.2 yana ruri a tsakanin bangaye, ko ba ka nufi komai ba, ka riga ka yi magana kafin ka yi sallama. A cikin masu zaman nan akwai wanda ya ɗauke ka a kafaɗa, akwai kuma wanda ɗansa sa'anka ne, har yau yana neman abin yi. Ba tsoron baki nake koya maka ba, tausayi ne da kunya.

Ka ajiye ta a babban titi inda ƙasa ta daidaita, ka ba wani yaro amanarta, ka cire tabarau, ka tako da ƙafarka. Ka durƙusa ka gaida na ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ka shiga wurin mahaifiyarka, ka zauna, ka sha ruwa, a gama tambayar mutanen Accra. Bayan nan ne za ka ce, "Na ɗan samu abin hawa, na kawo a sa albarka." Za ka ga su da kansu sun miƙe, liman a gaba, sun bi ka har inda take. Addu'ar da aka tako aka yi maka daban take da wadda ka tsaya a ƙofa da hon ka karɓa. Yara za su yanyame ta, za su shafa gilashi da hannun maiƙo. Kada ka daka musu tsawa, tsumma zai goge. Ka buɗe musu su leƙa, in sun so ka danna maɓallin su ga hancin ya tashi.

Wurare biyu ne ban yarda ka kai ta ba ko kusa: jana'iza da gaisuwar surukai. A nan ka nemi mota ta kowa da kowa. Haka ranar Sallah, in kai ne za ka kai mahaifiyarka Idi. Kujera biyu gare ta, kuma zaman a ƙasa yake. Da ciwon gwiwar da take fama da shi, shiga wahala, fita ta fi. In ta ce tana so ta ɗana, ka sa mata hannu ta shiga, ku zaga a hankali ku dawo, ita ce ta fi kowa cancantar zama na farko. Amma kada ka matsa mata.

Kafin ka saka kuɗi a gwanjon, ka turo mini hotunan ƙarƙashin gaban duka biyun da lambar shasi, in duba. Ka kuma sanar da ni ranar zuwanka da wuri, don in gaya wa liman, a tanadi goro da abin sadaka. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Kawunka, daga Kumasi.