Dillali ya ce zai samo mini kan gunki daga Ayutaya

Tambaya: Malam, nakan je Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya, kuma bana ina so in leƙa tsohon birnin Ayutaya. Wani dillali ya ce zai haɗa ni da mai sayar da kawunan tsofaffin gumakan Buda, wai Turawa na saye da tsada kuma babu mai bincike. Har na ba da kafin alƙalami, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Alhaji, gara da bai kwanta ba. Ayutaya dai ka je, kimanin kilomita 80 ne arewa da Bankok. Tsibiri ne da koguna uku suka kewaye, Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi, kuma nan ne fadar Siyam (tsohon sunan Tailan) sama da shekara 400, har rundunar Bama (Myanmar ta yau) ta ƙone shi a 1767. Ka ga hasumiyoyi uku na Wat Phra Si Sanphet (Wat na nufin wurin bautar mabiya addinin Buda), ka je Wat Chaiwatthanaram da la'asar.

Amma maganar dillalin nan ita ke ƙona min rai, don kusan kullum sai na ji ta: wai kango ne, ba shi da mai shi. Ƙarya ce! Wurin yana hannun hukumar kayan tarihi ta Tailan, UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sa shi cikin gadon duniya tun 1991. Gunkin Buda ko sabo ne, in dai ba ɗan ƙarami ba ne, ba a fita da shi daga ƙasar sai da takardar izini, balle yankakken kai. Idan ka shiga Wat Mahathat za ka ga gumaka jere babu kawuna. Ba Bama kaɗai suka yi wannan ɓarna ba, da yawa ɓarayi ne suka sare don masu saye irin waɗanda ake kwaɗaita maka. A 1957 ma an fasa ɗakin ƙarƙashin Wat Ratchaburana aka kwashe zinariya, abin da aka ƙwato yana gidan tarihi na Chao Sam Phraya.

To, ɗayan biyu ne. Ko jabu ne da aka binne a ƙasa ya yi kama da tsoho, kuɗinka sun tafi, ko na gaske ne, ka zama mai karɓar kayan sata a ƙasar da ba ka jin yarenta. Ranar da kwastan suka buɗe jakarka, wayar dillalin a kashe za ka same ta. Ba addininmu ba ne, na sani, amma ina Musulunci ya halatta sayen kayan sata, ko cinikin gunki? Ka nemi kafin alƙalaminka, in ya hana ka bar masa, kada ka ƙara ko sisi.