Tambaya da Amsa: Ya Ake Yi Firinta Ke Feso Tawada?

Tambaya: Malam barka da aiki, wai na ji ana cewa firintar Epson ba ta dafa tawada irin na Canon da HP, to ita ya take yi ta fito da ita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama gaskiya aka faɗa miki. Yawancin na Canon da HP zafi suke amfani da shi, ɗan hita ne yake tafasa tawadar ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigo waje. Ita kuwa Epson, da Brother ma, akwai wani ɗan siririn abu mai kama da tangaran a bayan kowane ƙaramin rami na kan firintar (kan shi ne ɓangaren da ke feso tawada a takarda), ana ce masa fiyezo, da an ba shi wuta sai ya lanƙwashe ya matse tawadar ta fito tsit, ya koma ya zuƙo wata, haka yake yi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya ba tare da wani zafi ba.

Abin ba sabo ba ne fa, tun 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano wannan ɗabi'a a Faransa, Epson kuma ta fito da nata Micro Piezo a 1993.

Ni abin da ya fi burge ni, ƙarfin wutar ne ke sa ɗigon ya zama babba ko ƙarami, shi ya sa hoto ke fita sumul. Kuma tunda ba zafi, tana ɗaukar tawadar buga riga da kofi. Amma kar ki bar ta ta yi watanni ba aiki, tawada na bushewa ta toshe ramukan, kuma canza kan akwai tsada.