Tambaya da Amsa: Labarin Soyayya a Zamanin Yaƙin Basasa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina son rubuta labarin soyayya da ya faru a Kaduna lokacin yaƙin basasa, amma ko mahaifiyata ba a haifa ba a lokacin. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi tambayarki ta faranta mini rai. Fara da tsofaffin gidanku tun suna raye. Kakata ta sha ba ni labarin yadda take zuwa tashar jirgin ƙasa tana duba fuskokin sojojin da ke saukowa, ko Allah zai sa ta ga maigidanta. Wasiƙarsa guda ɗaya ta adana a ƙasan kwalla, tsakanin zannuwa, har ta koma ga Allah.

Sannan ki kula da kwanaki. An kashe Sardauna a nan Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966, yaƙin kuma daga Yulin 1967 ne zuwa Janairun 1970. Ki leƙa Gidan Arewa, inda ake adana takardun tarihi, ki kuma nemi tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kada ki kuskura ki sa naira a hannun jarumarki. Fam da sule ake kashewa, naira sai 1973.