Wa ke da alhakin tuɓe wa baragurbin ɗan sanda kaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, sau da yawa sai mu ji ɗan sanda ya lakaɗa wa mutum dukan kawo wuƙa, ko ya harbi direba a kan na goro, a fitar da sanarwa cewa ana bincike, daga nan shiru kake ji. Wai wa ke da ikon korar irin waɗannan? Gwamna ne, kotu ce, ko shugabanninsu? In kuma ba a kore su ba, laifin wa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa: wa ke sa hannu a takardar kora, da kuma wa ya kamata ya fara ganin ɓarakar. Ta farkon ta fi sauƙi, doka ta riga ta amsa ta, sai dai kowace ƙasa da tsarinta.

A Najeriya, kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa ikon ɗauka da ladabtarwa da korar 'yan sanda a hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wato PSC. Mutum ɗaya ne ba ta da iko a kansa, shi ne Sufeto Janar, wanda naɗa shi da cire shi na shugaban ƙasa ne bayan ya tuntuɓi Majalisar 'Yan Sanda ta Ƙasa. A aikace hukumar ta wakilta wa Sufeto Janar ladabtar da ƙananan ma'aikata, daga kurtu zuwa sufeto, kuma su shari'ar cikin gida ake yi musu a rundunarsu. Manyan jami'ai kuwa kwamitin ladabtarwa na rundunar ke sauraron maganarsu, ya miƙa shawara ga PSC ta yanke.

Gwamna ba ya cikin wannan layi ko kaɗan. Ana kiransa shugaban tsaron jiharsa, yana sayen motocin sintiri, amma ko kofur ɗaya ba shi da ikon kora. Kotu ma ba aikinta ba ne sallamar ma'aikaci. Tana hukunta shi a kan laifin da ya aikata kamar kowa, ta ɗaure shi ko ta sa a biya diyya. Wani lokacin ma ita ke mayar da korarre bakin aiki, idan ta ga ba a ba shi damar kare kansa ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ya kawo mu tambayarka ta biyu, kuma a nan nake ganin gizo ke saƙa. Kora shari'a ce, shari'a kuma da hujja ake yin ta. Wanda ke zaune a babban ofis bai taɓa ganin ɗan sandan nan a bakin shinge ba, fayil kawai yake gani. Wa ke cika fayil ɗin? Sajan da ke fita sintiri da shi, da DPO da ke karɓar ƙorafi a caji ofis. Su suka san wanda ke zuwa aiki a buge, da wanda waɗanda ya kama ke fitowa daga ɗakin tsarewa da kumburarriyar fuska. Idan mai ƙorafi ya zo aka zaunar da shi a benci, aka ba shi haƙuri, aka ce a rufa wa yaro asiri yana da iyali, ba a rubuta komai a littafi ba, to an wanke wannan ɗan sanda tas. Ranar da ya kashe rai, a buɗe fayil a tarar fari fat. Don haka a wurina kaso mafi tsoka na alhakin yana wuyan shugabansa na kusa.

Rubutawar ma ba ta isa ba in babu mai karantawa. Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu a Minneapolis ta Amurka ranar 25 ga Mayun 2020, washegari shugaban 'yan sandan birnin ya kore shi. Ashe korar ba ta da wuya in an ga dama. Amma kafin ranar an shigar da ƙorafi a kansa fiye da sau 15 cikin shekara 19 da ya yi yana aiki, yawancinsu aka rufe ba tare da wani hukunci ba.

Akwai wata dabara da shugabanni ke fakewa da ita, wato canjin wurin aiki. Mutum ya addabi wani yanki, sai a tura shi wani, mutanen can su gaji masifar. Lokacin da aka rusa SARS, rundunar 'yan sandan Najeriya mai yaƙi da fashi da makami, ranar 11 ga Oktoban 2020, sanarwar cewa ta yi za a rarraba jami'anta zuwa wasu sassa, abin da ya sa da dama daga masu zanga-zangar neman a rusa ta ba su gamsu ba. A Amurka, inda hukumomin 'yan sanda suka kai kusan 18,000 kowacce tana cin gashin kanta, abin ya ɗauki wani salo. Ɗan sandan da ya harbe yaro Tamir Rice mai shekara 12 a Cleveland a 2014, ya baro wata ƙaramar runduna ne bayan shugabanninsa sun rubuta cewa bai dace da aikin ba. Sun yi nasu, sun rubuta. Waɗanda suka ɗauke shi daga baya ne ba su duba fayil ɗin ba. Ingila ta yi ƙoƙarin toshe wannan kafa tun 2017 da kundin sunayen korarrun 'yan sanda, wanda duk ya shiga ciki babu rundunar da za ta sake ɗaukar sa. Duk da haka binciken da aka fitar a 2024 kan Wayne Couzens, ɗan sandan Landan da ya sace wata mata ya kashe ta a 2021, ya nuna tun farko bai kamata a ba shi kaki ba. Masu tantancewa a ƙofar shiga ma suna da nasu kason.

Kai ma ba a bar ka a baya ba, ko da yake naka ƙarami ne. In abin ya same ka, riƙe sunan da ke ƙirjin rigarsa da lambar motar, da rana da lokaci, ka je asibiti a ba ka takarda in akwai rauni. Ka shigar da ƙorafin a rubuce, ka riƙe kwafe mai hatimin karɓa. In caji ofis sun yi maka kunnen uwar shegu, akwai sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015, akwai PSC, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kuma korarsa daga aiki ba ta hana ka bin haƙƙinka a kotu.