Tambayoyin Masu Karatu: Tsohuwar Rakoda Ta Daina Juya Kaset

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da rakoda ƙirar National Panasonic mai lasifika biyu, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya a farkon shekarun 1980, kuma ta daɗe a ajiye a cikin akwati ba a taɓa ta ba. Da na fito da ita na jona wuta, ɓangaren rediyo ya kama tasha ba tare da wata matsala ba, amma idan na sa kaset na danna maɓallin kunnawa sai in ji ɗan ƙugi daga ciki, kaset ɗin kuwa ko motsi ba ya yi. Muna da kaset-kaset na karatun da marigayin yake bayarwa a zaure, da muryarsa, kuma babban burina shi ne ni da ƙannena mu saurare su. An ba ni shawarar in jefar da ita in sayi sabuwa. Shin tana gyaruwa? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa karatun da ya bayar ya zame masa haske a kabarinsa. Rakodarka tana gyaruwa, kuma ƙugin da kake ji alama ce mai kyau, domin yana nuna cewa moton da ke juya kaset yana da rai kuma wuta tana isa gare shi. Amma kafin komai ina roƙonka da ka ajiye kaset-kaset ɗin mahaifinka gefe guda, kada ka ƙara sa ko ɗaya daga cikinsu a cikin rakodar har sai an gama gyara an gwada ta da wani kaset da ba ka damu da shi ba. Rakodar da ta daɗe a ajiye tana iya taune zaren kaset cikin 'yan daƙiƙu, kuma wurin da ya taunu ba ya komawa yadda yake.

Zai taimaka maka ka san yadda abin yake aiki. Tun da kamfanin Philips ya fito da wannan nau'in kaset a shekarar 1963, tsarin bai sauya ba: zaren yana wucewa ta gaban kan da ke karanta sauti, wanda masu gyara ke kira hed, da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Abin da ke jan zaren da wannan gudu shi ne wani siririn ƙarfe mai sheƙi da ke juyawa, tare da wata 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa. Idan ka buɗe ƙofar kaset ka leƙa kusa da hed za ka gan su. A bayan siririn ƙarfen, daga ciki, akwai faifai mai nauyi, kuma bel ɗin roba ne ya haɗa wannan faifai da moto. Ƙarfe da wayoyin da ke cikin irin waɗannan rakodoji suna jure shekaru masu yawa, amma roba ba ta jurewa, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Bayan shekara talatin ko arba'in bel yakan saki, ko ya bushe ya tsinke, ko kuma ya narke ya zama baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Moto yana juyawa shi kaɗai, ba abin da yake ja, kuma wannan shi ne abin da nake kyautata zaton ya sami taka.

Idan kana da natsuwa da hannu mai sauƙi za ka iya yin aikin da kanka. Ka zare wayar wuta daga bango, ka cire batura, domin akwai ƙaramin taransifoma a ciki wanda wutar gida ke shiga kai tsaye. Ka kwance ƙusoshin da ke baya, kana lura da cewa sau da yawa akwai ɗaya ko biyu a ɓoye a cikin gidan batir, kuma tsayinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka ka jera su a kan takarda yadda ka ciro su. Doguwar ƙusa da aka ɗaura a gurbin gajeriya tana iya huda allon wayoyi ko ta fasa fuskar rakodar. Ka raba jikin a hankali, domin wayoyin lasifika da na eriya gajeru ne, sannan ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki kafin ka zare wani abu. Akwai kuma wani farin zare da ya zagaya wasu 'yan tayoyi, wanda ke tafiyar da allurar neman tasha. Ka yi nesa da shi matuƙa, domin mayar da shi idan ya warware ya fi sauya bel wahala nesa ba kusa ba.

Idan ka tarar bel ɗin ya narke, to mafi yawan aikin shi ne sharewa. Ka sami sipirit irin wanda ake sayarwa a kemis da auduga a kan tsinke, ka goge faifan mai nauyi da ɗan gurbin da bel ke zama a kan moto har sai audugar ta daina fitowa da baƙi. Aiki ne mai cin lokaci, kuma nan ne mutane da yawa suke gajiya su bar saura, sai sabon bel ya riƙa mannewa sauti yana rawa. Kada ka yi amfani da fetur ko kalanzir ko ruwan tsinka fenti, domin suna cin roba da jikin rakodar, kuma ɓarnarsu ba ta gyaruwa.

Daga nan sai neman sabon bel. Idan tsohon ya fito da siffarsa, ka tafi da shi wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Idan kuwa ya narke, ka zagaya zaren ɗinki ta hanyar da bel ɗin ke bi, ka auna tsawonsa, ka nemi bel da ya gaza wannan awo da kaɗan, kimanin kashi 5 cikin 100, domin ya kama ba tare da ya ɗaure ba. Ka lura da siffarsa ma, domin akwai mai faɗi, akwai kuma siriri mai kusurwa huɗu, kuma gurbin da ke kan moto zai nuna maka wanda ya dace. Yawancin rakodoji suna da bel fiye da ɗaya: babba na faifai, da ƙarami na juya gammon zaren, wato 'yar tayar da zare ke naɗuwa a kanta a cikin kaset, ko na lissafin zagaye, kuma tunda ka riga ka buɗe, ya fi kyau ka sauya su duka. Ina jan kunnenka game da robar ɗaure kuɗi, wadda wasu ke sawa don a ga kaset ya juya a karɓi kuɗin gyara. Kaurinta ba daidai yake ba a ko'ina, tana sa murya rawa, kuma ba ta daɗewa take saki. Bel mai tsauri fiye da kima shi ma illa ne, domin yana cinye mazaunin moto a hankali, moton asali kuwa ya fi bel wahalar samu.

Kafin ka rufe, ka goge hed da siririn ƙarfen da 'yar tayar robar, sannan ka gwada da kaset marar muhimmanci, ka bar shi ya yi gefe guda cur kana kallon gammon da ke karɓar zaren yana naɗe shi ba tsayawa. Sai ka ga haka sau biyu ko uku kafin ka kawo na mahaifinka. Su ma ka fara ɓalle 'yan kunnuwan roba da ke saman kowane kaset, domin idan babu su maɓallin ɗauka ba ya dannuwa, kuma ba wanda zai goge karatun bisa kuskure. Ranar da ka fara sauraro, ka jona rakodar da kwamfuta ta kafar lasifikar kunne ka kwafe sautin da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ka raba wa ƙannenka, domin zaren ma yana tsufa. Game da sayen sabuwa kuwa, ra'ayina shi ne yawancin ƙananan rakodojin da ake ƙerawa yanzu ba su kai tsofaffin na kamfanonin Japan ingancin injin juya kaset ba, kuma taka idan ta sami bel mai kyau za ta fi su riƙe zaren da mutunci.

Tambaya: Malam, tawa ƙirar Sharp ce mai gidan kaset biyu. Tana juyawa, amma ba ta minti biyu sai ta tsaya, in buɗe in tarar zaren ya fito ya nannaɗe a ciki. Ta lalata mini kaset uku na wa'azi. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, abu biyu ne suke jawo haka, kuma za ki iya gane wanne ne da idonki. Na farko shi ne 'yar tayar robar da ke matse zare. Jan ƙurar da ke goguwa daga jikin zaren tana taruwa a kanta, ga kuma ƙurar hunturu, har ta yi santsi ko danƙo, sai zaren ya manne mata ya bi ta yana naɗewa. Ki jiƙa auduga da sipirit kaɗan ki goge ta kina juya ta da yatsa har sai launin ja ya daina fita, ki goge siririn ƙarfen da ke gefenta, ki bar su su bushe sarai. Idan kin ga robar ta ƙandare, ko ta tsage, ko ta lotsa a gefe guda, to sharewa ba za ta wadatar ba, sai an sauya ta, kuma mai gyara yakan samo irinta daga wata matacciyar rakoda.

Na biyu shi ne gammon da aikinsa shi ne naɗe zaren bayan ya wuce hed. Ki danna maɓallin kunnawa babu kaset a ciki, ki ɗan riƙe ƙarfen da ke juya gammon da yatsu biyu. Ya kamata ki ji yana ja da ɗan ƙarfi. Idan da taɓawa kaɗan ya tsaya, to ƙaramin bel ko wata tayar roba da ke tura shi daga ciki ta gaji, siririn ƙarfen yana ci gaba da turo zare babu mai karɓa, sai ya taru ya cukurkuɗe. Wannan sai an buɗe rakodar, kuma abin da na faɗa wa mai tambayar farko ya shafe ki. Ki kuma guji kaset mai lamba C120 a cikin tsohuwar rakoda, domin zarensa ya fi na C60 da C90 siranta, kuma shi ya fi saurin taunuwa. Kaset ɗin da suka lalace kada ki zubar. A zaro zaren a hankali ba tare da fizga ba, a sa biro a ramin gammo a naɗe shi, kuma za a ji ɗan gurɓacewar sauti ne a daidai wurin da ya yamutse kawai.

Tambaya: Na sauya bel, kaset yana tafiya, amma muryar a dushe take, kuma tana ɗan sauri fiye da yadda na san ta. Wani lokaci kuma lasifika ɗaya takan ɗauke, ko a ji wata irin ƙara mai tsanani. Wani ya ce in ɗiga man inji. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam, kada ka ɗiga mai, kuma kada ka fesa maganin tsatsa a cikin injin kaset, domin duk man da ya taɓa bel ko tayar roba zai mayar da kai farkon aiki. Wuri ɗaya da ke karɓar mai shi ne mazaunin da siririn ƙarfen ke juyawa a ciki, shi ma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin tsinke, sannan a goge ƙarfen tas da sipirit.

Dushewar murya yawanci dattin hed ne, sai ka fara da goge shi. Idan ba ta washe ba, to hed ɗin ya ɗan karkace. Ƙusoshi biyu ne suke riƙe da shi, ɗaya tana da sifirin a ƙarƙashinta, kuma ita ce ta saiti. Ka sa kaset na kamfani mai sauti mai kyau, ka juya ƙusar kaɗan-kaɗan hagu ko dama yayin da yake tafiya, ba fiye da rubu'in zagaye ba, har ka kai inda sautin ya fi fitowa tar, sannan ka ɗiga mata jan farce don kada ta sake motsawa. Saurin murya kuma ana daidaita shi ne ta wani ɗan rami da ke bayan yawancin motocin nan, inda ake zura ƙaramin sukundireba mai faɗin baki a juya a hankali. Masu gyara na gaske suna amfani da kaset ɗin gwaji mai sautin hz 3000, wato sauti mai kaɗawa sau 3000 a kowace daƙiƙa, su auna, amma kai za ka iya kwatanta kaset ɗin wani karatu da ka sani da irinsa da ke cikin wayarka, ka kunna su tare har su daina tsere wa juna. Ka yi wannan da wutar gida ko da sababbin batura, domin batir mai rauni yana rage gudu ya ruɗe ka.

Ɗaukewar lasifika da wannan ƙara kuwa sun fi zuwa daga wani dogon makunni da ke kwance a kan allon wayoyi, wanda ke sauya rakodar daga sauraro zuwa ɗauka. Shekaru suna sa haƙoransa su yi tsatsa-tsatsa saboda rashin motsi. Ka cire wuta, ka sa kaset marar komai wanda kunnuwansa ke nan, ka danna maɓallin ɗauka ka saki sau ashirin ko talatin. Sau da yawa wannan kaɗai yana warkar da shi. Idan ya ƙi, sai a fesa masa ruwan wanke makunnan lantarki daga ƙarshensa guda, a motsa shi da hannu, a jira ya bushe kafin a jona wuta. In bayan wannan ƙarar tana nan, to matsalar ta shiga allon wayoyi, kuma lokacin ne ya dace ka kai ta wurin tsohon mai gyaran rediyo wanda ke da mita da abin narka dalma, ka kuma gaya masa duk abin da ka riga ka taɓa.