Tambaya da Amsa: Na ɗinka rigar Akatsuki, yanzu an ce in shigo fim

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya zahi. Ni ƙaninki ne daga Mabera nan Sakkwato, ina koyon ɗinki shagon kawuna. Ina son Naruto, katun ɗin ninja na Japan, tun ina ƙarami, to kwanaki na zauna na ɗinka baƙar rigar nan ta 'yan Akatsuki (ƙungiyar miyagun cikin shirin) mai jan gajimare na saka na yi bidiyo na ɗora TikTok, abin da ake ce ma kosfile. Sai wasu samari ɗalibai sunka nemo ni wai suna shirya fim mai dogon zango kan labarin Naruto da za su riƙa sakawa YouTube da waya za a ɗauka, suna son in hito ciki kuma in ɗinka ma mutum biyar kaya. Sun ce babu kuɗɗi yanzu sai in YouTube ta hwara biya a raba. Baba bai sani ba tukuna. Anti mi za ni yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanina. Ka shiga, amma cire maganar kuɗin YouTube ɗin nan daga ranka tun yanzu, don a nan ne rigima take farawa.

Kafin YouTube ta fara ba tasha kason kuɗin talla sai tana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, wannan kaɗai aiki ne ja ga sabuwar tasha. Sannan Naruto ba naku ba ne, yana da masu shi. Masashi Kishimoto ne ya zana labarin, kamfanin Shueisha ya buga shi daga 1999 zuwa 2014, Studio Pierrot kuma suka yi katun ɗin da ka taso kana kallo. YouTube na da wani tsari Content ID da yake jin kiɗa yana gane hoto, kuna saka waƙar buɗe shirin ko ɗan guntun faɗa daga katun ɗin zai kama, ko a toshe bidiyon ko kuma in talla ta hau kuɗin ya tafi aljihun masu abin, ku ku tashi da gajiya. Yawanci kamfanoni suna kawar da kai ga fim ɗin masoya matuƙar sha'awa ce kawai, kuɗi na shigowa sai ido ya buɗe. A Amurka wasu masoyan shirin talabijin na Star Trek sun tara sama da dala miliyan 1 don fim ɗinsu Axanar, a Disamba 2015 kamfanonin da suka mallaki shirin, CBS da Paramount, suka maka su kotu. Ba cewa nake lauyan Japan zai sauka a Mabera ba, wa ma ya san da ku, amma dai abin da za a raba ɗin nan wataƙila ba zai taɓa zuwa ba.

To tunda babu biya, zancen ya koma kan yadi. Mutum biyar fa suka ce. Wa zai sayi yadin, da zare, da shafi, da zif? Kar ka yarda da "ka fara sa naka za mu mayar maka", a haɗa kuɗin kaya a hannu kafin almakashi ya taɓa komai, kai kuma aikin hannunka shi ne gudummawarka. Ku rubuta ko a guruf ɗin WhatsApp ne kowa ya gani: wa ya biya me, bayan an gama ɗauka kayan na wa ne, kuma sunanka da na shagon kawu su fito a ƙarshen kowane kashi. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin ribarka, daga nan wani zai gani ya kawo maka ɗinki. Keken kuma na kawu ne, wutar ko man janareto nashi ne, ka nemi izini kar ya zo ya tarar da jan gajimare a kan shaddar kwastoma.

Ɗinkin bidiyon daƙiƙa talatin daban, ɗinkin fim daban. Wancan ka saka ka juya ka cire, wannan za a yi gudu da shi a faɗi ƙasa a yi gumi, gobe a sake sakawa kuma dole ya fito yadda ya fito jiya in ba haka ba mai kallo ya ga rigar ta yage a nan ta ɗinke kanta a gaba. Na jarumin ka yi guda biyu iri ɗaya. Guji yadi mai sheƙi, rana na dukansa kyamarar waya sai ta haukace. Kuma baƙar riga mai dogon wuya har baki a Sakkwato cikin Afirilu, ana digiri 40 da ɗoriya, haba. Ku ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, ko ku bari sai hunturu. Farantin da ninja ke ɗaurawa a goshi da su takobi kwali da soso da gam da fentin feshi sun isa, takalma da wanduna ka leƙa wajen 'yan gwanjo.

Takobin ma a kula. Yadda tsaro yake yanzu samari shida da rufaffiyar fuska da makami a bayan gari, ko na kwali ne, wanda ya hango daga nesa ba zai tsaya tambaya ba. Ku sanar da mai unguwa, ku gaya wa 'yan sintiri, takunkumin fuska sai za a danna kyamara a saka.

Da zan samu zama da waɗannan samarin, cewa zan yi su ɗauki salon faɗan da suke so su ƙirƙiro nasu jaruman. Garin da ke da dukawa masu aikin jar fatar akuyar da duniya ta sani, ga lifidi ga sulke ga kwalkwali ga laya da kambu duk ana ganinsu jikin mahaya a hawan sallah, me ya hana ninja ɗinku ya fito da warki da kwari da baka? Shi wannan ba mai toshe shi, in kuɗi ya zo naku ne, kai kuma ka tashi daga mai kwaikwayon rigar wani ka zama mai zana kayan. Masu kosfile a Lagos Comic Con, taron masoyan katun da labaran zane da ake yi a Legas tun 2012, sun saba ganin Akatsuki, ninja mai lifidi ne zai sa a waiwayo.

Baba kuma kar ya ji a bakin maƙwabta ko a wayar wani. Ka bi ta wajen kawu tunda shi ya san hannunka, ku je tare da rigar da labarin a rubuce, ka faɗi su waye samarin da inda za a ɗauka da lokacin da za ka dawo gida. In akwai mata a shirin ka faɗa tun farko, da irin shigar da za su yi. In ya ce fuskarka ba za ta fito ba, ka karɓi ɗinkin ka bar musu fitowar.