Amsa: Me ya sa labarin bai fita daga gida ɗaya ba?

'Yar'uwa, kin ce ɗiyarki ta karanta littafin Turanci na matasa inda bala'i ya auka wa duniya, amma marubucin ya maƙale a gida ɗaya, kina tambaya ko gazawa ce. Ni ban ga gazawa ba.

Yarinya 'yar shekara 16 ba duniya take gani ba, tukunyar gidansu take gani. Shi ya sa irin waɗannan littattafai kan bi abin da ke faruwa kullum: an ɗauke wuta, famfo ya ƙafe, uwa tana ƙirga gwangwanayen abinci, toka ta rufe rana. Batun tokar ma ya taɓa faruwa. Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, a 1816 sanyi ya lalata amfanin gona a Turai da Amurka.

Mu nan Argungu mun ɗanɗana a 2020, ga korona, ga ambaliya ta cinye shinkafar fadama. Labaran rediyo duk na manta su. Abin da ya zauna mini shi ne Inna tana auna gero da tiya, tana shafe kansa da tafin hannu, da dare kuma ta ce ta ci nata a madafa. Duk mun san ba ta ci ba.

Ƙorafina ɗaya: iyalan cikin littattafan kan kulle ƙofa su hana maƙwabci ko loma. A nan da wuya, ko don kunya. Ki tambayi ɗiyar taki wa za ta buɗe wa ƙofa, ina son jin amsarta.